Bargo Daga Ƙyallen Tela: Yadda Za A Ɗinka Shi Ya Fita Daidai

Sa'ad da aka gama girbin gero da wake a ƙasar Daura, aka kai amfani rumbu, abu biyu ne sukan zo mana tare. Na farko iskar hunturu, wadda takan kwana tana busawa daga arewa a watannin Disamba da Janairu. Na biyu zaman rani, gama daga Sandamu zuwa Baure, daga Zango zuwa Mai'adua, wanda ba shi da fadama ko rijiyar lambu sai ya jira damina. A irin wannan lokaci ne iyaye sukan shigar da kaskon garwashi ɗaki, su rufe ƙofa domin kada yara su kwana da ɗari. Wannan kuwa kasada ce babba. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, ga kuma hatsarin gobara. Bargo mai kauri ya fi kasko aminci, sai dai kuɗinsa ba kowane gida ne yake iyawa ba.

To, a daidai wannan lokaci, ku duba ƙarƙashin teburin kowane tela a cikin garin Daura ko kasuwar Mai'adua. Za ku ga ƙyallaye tuli, na atamfa, na shadda, na yadi, balle ma bayan ɗinkin Salla ko na Kirsimeti. Waɗansu ana cusa su a matashin kai, saura a share a ƙone. Wannan ƙyalle shi ne jarin da muke so ƙungiyoyinmu na gama kai, musamman na mata, su duba a wannan rani.

HAƊA ƘYALLE BA BAƘON ABU BA NE

Kakanninmu sun san aikin haɗa siraran ƙyallaye su zama babban tufa. Masaƙin gargajiya ƙwarya yake saƙawa, doguwa mara faɗi, sa'an nan a jera ƙwarya da ƙwarya a ɗinke bakinsu, a sami zane, ko gwado, ko luru, ko babbar riga. Turkuɗin Kura, wanda Buzaye suke naɗi da shi, ƙwaryarsa ba ta kai faɗin inci guda ba, duk da haka a kan haɗa ta sumul. Saboda haka hannun da ya gaji wannan aiki ba zai kāsa wanda za mu kwatanta ba.

Irin ɗinkin da muke magana a kai, Turawa suna ce masa Log Cabin, wato ɗakin gungumen itace. Ya yi tashe a Amurka a shekarun 1860, zamanin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, sa'ad da Abraham Lincoln yake shugaba, mutumin da aka haifa a irin wannan ɗaki. Akan sa ɗan jan ƙyalle a tsakiya, a ce shi ne murhu, sa'an nan a yi ta kewaye shi da dogayen ƙyallaye kamar yadda ake jera itace a gina bango. Gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. Matan ƙauye ne suka riƙe shi, domin yana cin kowane irin guntun ƙyalle, kuma duk ɗinkinsa miƙaƙƙe ne, ba lanƙwasa.

Domin mu fahimci juna, ga sunayen da za mu yi amfani da su. Ɗan ƙyallen tsakiya, cibiya. Dogayen ƙyallayen da suke kewaye ta, sanduna. Cibiya da sandunanta 12 idan an haɗa, gida ɗaya ke nan. Gidaje da yawa su ne bargo.

ME YA SA AWO YA ZAMA TILAS

Mace ɗaya idan tana ɗinka wa kanta, ko gidajenta sun ɗan karkace, ta iya ja ta cusa ta rufa da abinta. Amma aikin ƙungiya dabam ne. Mata goma za su ɗinka gidaje a wurare goma, ranar haɗawa a kawo su wuri ɗaya. In na wannan inci 11 ne, na waccan 10¼, ba yadda za a yi su zauna lafiya. Bargo zai tattare, kusurwa ba za ta sadu da kusurwa ba, mai saye kuma zai taya da wulakanci. Daga nan sai gunaguni ya shiga ƙungiya, kowa tana cewa laifin wance ne.

Ku dubi lissafin. Daga wannan gefe na gida zuwa wancan akwai layin ɗinki 6. A ce kowane layi ya ci fiye da ƙa'ida da kashi ɗaya cikin 16 na inci, abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba. Tun da ƙyalle biyu ɗinkin yake ci, hasarar kowane layi ta zama kashi ɗaya cikin 8. Sau 6, ta zama ¾ na inci a gida ɗaya. Jera gidaje 8 a tsawon bargo, inci 6 sun tafi. Da yayyafi kogi kan cika.

Waɗansu sun riga mu koyon wannan darasi. A shekarar 1966 matan baƙaƙen fata manoma na gundumar Wilcox a jihar Alabama ta Amurka suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, da taimakon wani limamin coci, Francis Walter. Talakawa ne ƙwarai, da tsofaffin tufafi suke ɗinka bargunansu. Da manyan kantunan New York suka fara ba su aiki, sai aka bukaci kowane kaya ya fito da awo ɗaya. Suka koyi aiki da ma'auni ɗaya, suka gina ɗakin ɗinki nasu a 1969, a 1972 kuma kamfanin Sears ya ba su kwangilar ɗinka rigunan matashin kai. Da kuɗin ɗinki mata da yawa a cikinsu suka gyara gidajensu, suka sa 'ya'yansu makaranta.

KAYAN AIKI

A ƙasashen waje suna yanka da wata wuƙa mai kamar ƙaramar taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, tare da faifan roba da rula mai garai-garai. Wanda ya samu, madalla. Amma shekara fiye da ɗari ana wannan ɗinki kafin a ƙirƙiro ta. Abin da ƙungiya take bukata ga shi:

1. Almakashi mai kaifi, wanda ba a yanka takarda ko kwali da shi. Almakashi mai dakushi yana tura ƙyalle gaba, yanka ya karkace.

2. Tef na awo guda ɗaya, da rular katako ko ta ƙarfe. Tef na leda yakan miƙe idan ya tsufa. Ku gwada shi a jikin rula. In sun saɓa, ku bi rula.

3. Ma'aunin sanda. Ku sa kafinta ya yanka muku siririn falanki mai faɗin inci 2 cif, tsawon inci 11, ya goge bakinsa. A jikinsa a zana layi a inci 2, da 3½, da 5, da 6½, da 8, da 9½. Kowace mai ɗinki ta sami nata, amma dukansu a jikin na farko za a kwaikwaya, na farkon kuma ya zauna wurin ma'ajin ƙungiya. Kwali ma yana yi, sai dai bakinsa yana cinyewa da sauri. Robar tsohuwar jarka ta fi shi ƙarko.

4. Ma'aunin gida, wato falanki mai kusurwa huɗu, inci 11 ta kowane gefe. Ku tsaya kafinta ya gwada kusurwoyinsa da sukwaya a gabanku. Ku ma ku auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta nan da ta can. In awon biyu sun zo ɗaya, ma'auni ya yi.

5. Fensir mai tsini domin ƙyalle mai haske, da ragowar sabulu wanda ya yi fele-fele domin mai duhu. Allin tela idan bakinsa ya yi kauri, layinsa kaɗai ya isa ya ɓata awo.

6. Fil, da allura, da zare mai ƙarfi, fari ko ruwan toka. Allurar keke mai lamba 14 ta dace da atamfa.

7. Dutsen guga. Na gawayi ya isa, in an goge gindinsa.

8. Keken ɗinki, ko Butterfly, ko Singer, ko wani. Inda babu keke, akwai hanyar hannu, za mu zo kanta.

ZAƁE DA SHIRYA ƘYALLE

Kada ku haɗa kowa da kowa. Auduga ta tafi da auduga. Atamfa da yadin auduga suna zama tare. Leshi da boyel sun cika rauni. Yadi mai roba yana miƙewa a ƙarƙashin allura, dutsen guga kuma yana narkar da shi. In kuna shakka, ku ƙona ɗan zare daga bakin ƙyallen. Auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi, roba kuwa takan narke ta dunƙule.

Ku wanke duk ƙyallen kafin yanka. Sabuwar auduga takan tsuke a wankin farko, tsohuwar riga ta gwanjo kuwa ta riga ta gama tsukewa. In aka haɗa su ba wanki, ranar da mai saye ya wanke bargo zai yamutse. Ja da baƙi da shuɗin rini, ku jiƙa su dabam tare da ɗan farin ƙyalle. In farin ya rine, ku ci gaba da ɗauraya har ruwa ya fita garau, in ya ƙi ku ajiye shi domin wani aiki. Kafin ƙyalle ya gama bushewa ku ɗan sa masa sitaci ku goge. Ƙyalle mai sitaci yana tsayawa wuri ɗaya a lokacin yanka.

Daga nan ku raba tuli biyu, mai haske da mai duhu. Wanda ya rikita ku, ku shimfiɗa shi tsakanin tulin biyu, ku ja da baya taku biyar, ku kanne ido ku duba. Inda ya fi sajewa, can ne gidansa. Kyan wannan bargo duka a kan wannan rabo yake.

YANKA

Kowane yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance. Tilas sanda ta bi ɗayansu. Wadda aka yanka a karkace takan miƙe kamar danƙo. Domin ku gane hanya, ku zare zare ɗaya daga bakin ƙyalle, inda ya bi nan ne miƙaƙƙen layi. Ku yanke gefen yadi mai tauri, inda ake buga sunan kamfani, ku yar.

Dukan sanduna faɗinsu inci 2 ne. Cibiya inci 2 ta kowane gefe. Tsawon sanduna bisa ga jerin ɗinki ga shi:

Ta 1, mai haske, inci 2. Ta 2, mai haske, 3½. Ta 3, mai duhu, 3½. Ta 4, mai duhu, 5.

Ta 5, mai haske, 5. Ta 6, mai haske, 6½. Ta 7, mai duhu, 6½. Ta 8, mai duhu, 8.

Ta 9, mai haske, 8. Ta 10, mai haske, 9½. Ta 11, mai duhu, 9½. Ta 12, mai duhu, 11.

Ku fara fitar da dogayen daga manyan ƙyallaye, guntayen su fito daga abin da ya rage. Kada ku ninka yadi fiye da biyu a bakin almakashi. Kowane tsawo a sa shi cikin kwanonsa ko ledarsa, a rubuta lamba a kai.

Akwai masu ɗaukar dogon ziri su ɗinka, sa'an nan su datse abin da ya yi saura. Ya fi sauri, gaskiya ne. Amma yana ɓoye kuskure, gama ko gida ya karkace zirin zai bi shi. Sandar da aka yanka bisa awo kuwa mai shaida ce. In aka ɗora ta ba ta zo daidai da gefen gida ba, nan take an san akwai abin da ya kauce a baya, a gyara tun bai yi nisa ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

CIN ƊINKI: RUBU'IN INCI

Telolinmu sun saba barin rabin inci ko fiye a bakin riga domin a iya buɗawa gaba. A nan ba haka ba. Kowane layi rubu'in inci zai ci daga bakin ƙyalle, ba ƙari ba ragi. Kada ku dogara ga ƙafar keke mai danne yadi, gama faɗinta ya bambanta daga keke zuwa keke.

Ga yadda za a saita. Ku zana layi a kan takarda, rubu'in inci daga bakinta. Ku sauke allura a hankali ta huda layin. Inda bakin takardar ya tsaya a kan farantin keke, ku manna filasta ko salatif ninki uku ko huɗu, ya zama ɗan tudu wanda ƙyalle zai riƙa bi.

Sa'an nan gwaji. Ku ɗauki sanduna uku masu faɗin inci 2, ku ɗinke su gefe da gefe, ku goge, ku auna. Faɗinsu duka ya zama inci 5, ta tsakiya kuma inci 1½. In bai kai 5 ba, ɗinki ya ci da yawa, ku matso da filasta kusa da allura kaɗan. In ya wuce, ku matsar da ita baya. Sau da yawa za ku ga sai an rage kamar kaurin zare ɗaya, domin ninkin ƙyalle shi ma yana cin nasa. Kowane keke na ƙungiya a yi masa wannan gwaji, kowace mai ɗinki kuma ta ci shi kafin a ba ta ƙyallen ƙungiya. Tazarar ɗinki ta zama kamar 12 a inci ɗaya.

HAƊA GIDA

Ku kifa sanda ta 1 a kan cibiya, fuska da fuska, ku ɗinka gefe ɗaya. Ku buɗe, ku goge. Ku juya aikin, ku ɗora ta 2 a gefen da ya haɗa cibiya da ta 1. Haka za a yi ta zagayawa. Ƙungiya ta yanke shawara tun farko, ko ta hannun dama za a riƙa zagayawa ko ta hagu, kowa kuma ta bi. A rataye gida ɗaya da aka gama a bango, da lamba a kan kowace sanda, domin mai shakka ta ɗaga kai ta duba.

Daga sanda ta 4 zuwa gaba akwai alama mai sauƙi. Ku duba gefuna huɗu na gidan. Gefen da kuka ga layin ɗinki biyu sun fito bakinsa, nan sabuwar sanda za ta hau.

Daga sanda ta 5, ku soke fil a farko, da ƙarshe, da tsakiya kafin ku ɗinka. Haƙoran keke suna jan ƙyallen ƙasa fiye da na sama kaɗan, a dogon layi kuwa abin yakan nuna. Kada ku ja ƙyalle ta baya, ku bar keke ya ci da kansa.

Guga ita ce rabin aikin. Bayan kowace sanda a goge, bakin ɗinki ya kwanta yana duban waje, nesa da cibiya. Ku ɗora dutse ku ɗaga, ku ɗora ku ɗaga. In kuka tura shi kamar mai gugar babbar riga, sandar za ta lanƙwashe kamar lauje. Ku lura kuma kada wani ɗan ninki ya ɓuya a jikin layin ɗinki.

A ƙarshen kowane zagaye ku auna. Bayan sanda ta 4 gida ya zama inci 5 ta kowane gefe. Bayan ta 8, inci 8. Bayan ta 12, inci 11. Ku haddace: 5, 8, 11. In ya ɗara da ɗan kaɗan, ku zana layi ku aske. In ya gaza da fiye da kashi ɗaya cikin 8 na inci, ku warware zagayen ku sake. Farke layi huɗu yau ya fi farke bargo gobe.

Domin sauri da tattalin zare, kada ku gama gida ɗaya kafin ku fara wani. Ku ɗauki cibiya 12, ku ɗinka wa kowace sanda ta 1, ɗaya bayan ɗaya ba tare da yanke zare ba, su fito a jere kamar jigida. Ku rarraba, ku goge duka, ku shiga sanda ta 2. Mutum uku suna iya raba aikin, mai keke, da mai guga, da mai awo.

INDA BABU KEKE

Yawancin tsofaffin bargunan irin wannan a kan wani ƙyalle na ƙasa aka ɗinka su, da hannu. Ku yanka akoko ko tsohon zanen gado wankakke, inci 11 ta kowane gefe. Ku ninka shi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, inda layukan suka gicciye nan ne tsakiya. Ku kafa cibiya a wurin da fil. Kowace sanda a zana mata layin fensir a baya, rubu'in inci daga baki, a kifa ta, a ɗinka a kan layin har a huda akokon, a buɗe a danne. Bayan kowane ɗinki huɗu ko biyar a koma baya sau ɗaya domin ƙarfi. Akokon yana riƙe gida kada ya karkace, yana kuma ƙara wa bargo nauyi.

A tsibirin Man da yake tsakanin Ingila da Ayalan, matan ƙauye da tafin hannu da yatsa suke awon wannan ɗinki, kamar yadda mu ma muke da taƙi da kamu. Dabara ce mai kyau ga mai ɗinka wa kanta. Amma hannun kowa da girmansa, saboda haka a aikin ƙungiya ma'aunin falanki za a bi.

JERA GIDAJE DA RUFE BARGO

Bayan an haɗa, kowane gida zai koma inci 10½. Gidaje 48, wato 6 a faɗi 8 a tsawo, suna ba da bargo mai inci 63 da 84, wanda ya isa babban mutum. Gidaje 16 suna ba da na jariri, inci 42 ta kowane gefe. Babban yana da ƙyalle 624 a jikinsa. In da sabon yadi ne, zai ci kamar yadi 2½ mai haske, da yadi 3 da ɗoriya mai duhu, da rubu'in yadi na cibiya, wato kusan turmi guda. Wannan ne kuɗin da ƙyallen tela ya tsare muku.

Ku shimfiɗa gidajen a kan tabarma kafin ɗinki. In duka suka dubi waje ɗaya, ado ɗaya ke nan. In aka riƙa juya su har duhu ya bi duhu, haske ya bi haske a karkace, sai bargo ya fito kamar kunyoyin gona bayan huɗa, manoman Amurka ma sunan da suka ba shi ke nan. In aka fara daga tsakiya ana kewayawa, sai ya fito zobe cikin zobe, amma wannan yana bukatar gidajen faɗi da na tsawo su zama masu rabuwa biyu, kamar 6 da 8. Ku haɗa layi layi, fil a kowace mahaɗa, sa'an nan layi da layi.

Bayan bargo zai ci yadi 5, a raba biyu a haɗa. A tsakiya a sa tsohon bargo wankakke, ko gwado, ko shiɓar auduga da aka shimfiɗa bai ɗaya. Audugar rimi ta matashi ce, a bargo takan gudu ta taru wuri ɗaya. A shimfiɗa ukun, a kama su da dogon ɗinki daga tsakiya zuwa baki. Sa'an nan a bi da zare mai kauri ana hudawa ana ƙullewa, tazarar tafin hannu tsakanin ƙulli da ƙulli. In shiɓa ce a ciki, ƙulli kaɗai bai isa ba, sai an bi da layukan ɗinki kusa da juna. A ƙarshe a naɗe baki da ziri mai faɗin inci 2½ wanda aka ninka biyu.

MAGANAR KASUWA

Kada mu ruɗi kanmu. Kasuwa cike take da bargunan waje da na gwanjo, a wajen araha ba za mu kama su ba. Abin da namu zai fi su shi ne ƙarko, da kyan aiki, da cewa ba biyu iri ɗaya. Masu sayensa su ne iyayen amarya masu haɗa kayan ɗaki, da masu zuwa suna, da iyayen 'yan makarantar kwana, da ma'aikata a Daura da Katsina da Kano. Gida ɗaya ko huɗu ma suna zama rigar matashi ko jaka, waɗannan kuwa sun fi saurin fita.

Sakataren ƙungiya ya rubuta kome a littafi: kuɗin zare, da gawayi, da yadin baya, da abin da aka ba tela, da yawan gidajen da kowace ta kawo. A biya ladan aiki bisa ga gidan da ya hau ma'aunin inci 11 daidai. A zaɓi mutum biyu masu gwadawa, a riƙa sauya su, domin kada a ce an yi son kai. A yi magana da teloli tun kafin lokacin ɗinkin biki, a bar musu buhu, a kuma daidaita da su a kan abin da za a ba su. Maza su ma suna da rabo a ciki, wajen kafinta, da gyaran keke, da kai kaya kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawararmu ita ce, kowace ƙungiya ta fara da na jariri, gidaje 16. Mako na farko a yi ma'auni, a tara ƙyalle, a wanke. Mako na biyu a saita keke, kowa ta ci gwajin sanduna uku. Na uku a ɗinka gidaje, na huɗu a haɗa. Bargunan farko kada a kai su kasuwa. A ba gidajen da suke da jarirai da tsofaffi a cikin ƙungiya, su rufa da su wannan hunturu, a wanke su sau biyu ko uku, a ga inda ɗinki ya saki da inda launi ya zuba. Abin da kuka gani, ku rubuto mana, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi. Allah ya ba da sa'a.